Ƙofofin Makarantar Yuendumu: Yadda Ake Rubuta Kayan Gado Da Yadda Ake Sa Masu Kima



Da za a tambaye ku kuɗin ƙofar ajinku, ba za ku sha wata wahala ba. Sai a kira kafinta ko mai walda ya auna, ya faɗi kuɗin katako ko ƙarfe, da na fenti, da ladan aiki, shi ke nan an gama. To amma akwai wata makaranta a ƙasar Ostiraliya wadda ƙofofinta guda 30 suka gagari irin wannan lissafi, har ta kai an ciro su an kai gidan adana kayan tarihi ana lallaɓa su kamar ƙwai. A wannan fitowa za mu bi labarin waɗannan ƙofofi don mu fahimci ayyuka biyu. Na farko, yadda ake rubuta kayan fasahar al'umma ɗaya bayan ɗaya a cikin fihirisa. Na biyu, yadda ake sa wa irin waɗannan kaya kima. Za ku ga cewa aiki na biyu ba ya yiwuwa sai an kyautata na farko.

Su wane ne mutanen?

Ostiraliya ƙasa ce babba wadda ruwa ya kewaye, can kudu maso gabas da nahiyar Asiya. Turawan Ingila sun fara zama a cikinta a shekarar 1788, amma sun tarar da mutane. Waɗannan su ne 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin, kuma masana sun tabbatar kakanninsu suna wurin fiye da shekara 50,000. Ba ƙabila ɗaya ba ce. A lokacin da Turawa suka zo, harsunansu sun haura 250.

Ɗaya daga cikin waɗannan ƙabilu ita ce Warlpiri, mutanen hamadar Tanami da ke tsakiyar ƙasar. A shekarar 1946 hukuma ta kafa wani sansani mai suna Yuendumu, kimanin kilomita 300 arewa maso yamma da garin Alice Springs, ta tara su a can tana ba su abinci. Mutanen da suka saba yawo a ƙasar kakanninsu, sun san kowace rijiya da kowane dutse, sai ga su zaune wuri ɗaya, 'ya'yansu suna zuwa makarantar Bature.

Warlpiri suna da wani abu da suke kira Jukurrpa. Turawa sun fassara kalmar da mafarki, amma ba mafarkin barci ake nufi ba. A bisa al'adarsu, Jukurrpa labarai ne na magabatan farko da suka ratsa ƙasa, kuma kowane labari yana ɗaure da wani wuri sananne: wannan tafki, wancan tsauni, waccan hanya. A cikin labaran akwai dokokin aure da na zumunta, akwai sanin inda ruwa yake da inda abinci yake. Kowane labari yana da alamominsa. Da'ira cikin da'ira tana nuna zango ko mashaya. Alama mai kama da kofaton doki tana nuna mutum a zaune, don haka sawun mazauninsa yake fitowa a kan rairayi. Layi yana nuna hanya. Mai zanen yana kallon ƙasa ne daga sama, kamar yadda shaho yake ganinta. A da can a kan rairayi suke yin zanen, ko a jikin mutane lokacin biki, da jan ƙasa da farar ƙasa da gawayi, in an gama biki a shafe.

Yadda aka zana ƙofofin

Kafin Yuendumu, abin ya fara ne a wani sansani mai suna Papunya. A shekarar 1971 wani malamin makaranta mai suna Geoffrey Bardon ya ƙarfafa wa dattawan wurin gwiwa, suka zana labarin tururuwar zuma a bangon makaranta. Daga nan suka shiga zane a kan allunan katako da fentin kanti, har a 1972 suka kafa kamfani nasu na kansu mai suna Papunya Tula. Shi dai wancan bango bai yi tsawon rai ba, daga baya aka shafe shi da fenti. Yau sai dai a hoto.

A shekarun 1983 zuwa 1984 sai shugaban makarantar Yuendumu ya gayyaci dattawan gari su zana ƙofofin azuzuwa. Dattawan sun amsa saboda wani abu da ke damunsu: yara suna tashi ba su taɓa taka wuraren da labaran suke magana a kai ba. Suka ce to bari labaran su zo su tsaya a bakin aji, yaro ya gan su da safe ya gan su da rana. Mutum biyar ne suka ja ragamar aikin: Paddy Japaljarri Stewart, da Paddy Japaljarri Sims, da Paddy Jupurrurla Nelson, da Larry Jungarrayi Spencer, da Roy Jupurrurla Curtis. Shi na farkon, wanda ya zana mafi yawan ƙofofin, yana cikin waɗanda suka sa hannu a bangon Papunya tun 1971.

Ƙofa dai ƙofa ce. Kimanin shekara 12 suna nan a makaranta, rana tana dukansu, ƙura tana hawa, ana buɗewa ana bugawa, yara kuma, kun dai san halin yara, suna rubuta sunayensu a kai. A shekarar 1995 gidan adana kayan tarihi na jihar Ostiraliya ta Kudu, da ke birnin Adelaide, ya karɓi ƙofofin duka 30, aka shiga aikin tsabtace su da gyara su a hankali.

Amma tun kafin wannan an riga an yi wani aiki mai muhimmanci. A 1985 masu zanen garin, maza da mata, sun kafa ƙungiyarsu mai suna Warlukurlangu. A 1987 aka buga littafi mai suna Kuruwarri, wanda ya kawo hoton kowace ƙofa tare da labarinta kamar yadda masu ita suka faɗa, da harshen Warlpiri da kuma Turanci. Wannan littafi shi ne fihirisar ƙofofin ta farko. Dattawan nan biyar duk sun rasu, amma bayaninsu yana nan a rubuce. Da ba a rubuta ba, da yanzu abin da ke Adelaide ƙofofi ne masu launi kawai, mai kallo ya ce sun yi kyau ya wuce.

Me ake rubutawa a fihirisa?

Fihirisar kayan fasaha kamar rajistar aji take, sai dai ta fi ta zurfi. Kowane abu yana da shafinsa ko katinsa, a yanzu kuma galibi a cikin kwamfuta ake yi. Ga abubuwan da ake cikawa.

Na farko, lamba. Kowane zane ana ba shi lambar da babu mai irinta, a rubuta a bayansa, a rubuta a rajista. Cibiyoyin masu zane na ƙauyukan Aborijin suna yin haka ne tun ranar da mai zane ya kawo aikinsa, su ɗauki hoto, su kuma ba mai saye takardar shaida mai ɗauke da wannan lamba. Bayan shekara 40, in gardama ta tashi, lambar nan ita ce za ta raba.

Na biyu, sunan mai zane. Za ku ce ai wannan mai sauƙi ne. To ku koma ku dubi sunayen dattawan nan biyar: uku daga ciki Paddy ne, biyu daga cikin ukun kuma Paddy Japaljarri. Kamar dai ajin da ke da Muhammadu uku, in malam bai haɗa da sunan uba ba sai ya ba wani makin wani. Sunan tsakiya, irin su Japaljarri da Jupurrurla, ba sunan yanka ba ne. Warlpiri sun kasa jama'arsu kashi takwas, ana haihuwar kowa a cikin kashi ɗaya, kuma wannan kashi shi ke nuna wanda za ka iya aura da yadda za ka kira kowa. Sunayen maza suna farawa da harafin J, na mata da harafin N. Bugu da ƙari, maƙwabtansu suna da nasu salon rubutawa, abin da Warlpiri suka rubuta Japaljarri su sai su rubuta Tjapaltjarri. Saboda haka mai fihirisa nagari yakan rubuta duk sigogin sunan, don kada mutum ɗaya ya zama biyu a rajista, ko biyu su zama ɗaya.

Na uku, shekara da wurin da aka yi zanen, da abin da aka yi shi da shi, fentin kanti ne a kan ƙyalle mai kauri ko jan ƙasa ce a kan ɓawon itace, da tsawo da faɗi a santimita.

Na huɗu, halin da abin yake ciki. Ina ya tsage, ina fenti ya ɓare, ina ruwa ya taɓa, ina aka taɓa gyarawa. Ana ɗaukar hoton gaba da baya, domin sau da yawa bayan zane ya fi gabansa ba da labari, nan ne lambobi da tambarin shaguna da rubutun hannun mutanen da suka gabata suke.

Na biyar, salsala, wato hannuwan da abin ya bi tun daga mai zane har zuwa yau. Wa ya fara saye, yaushe, wa ya sayar wa, a ina aka taɓa nuna shi. Wannan kamar sayen gona ne. Gonar da aka san wanda ya sare ta da waɗanda suka gada da shaidun kowane ciniki, ba ɗaya take da wadda wani ya zo da rana tsaka ya ce tasa ce ba.

Na shida, kuma shi ne wanda ya bambanta wannan fihirisa da ta sauran zane-zane: labarin, da wurin da yake magana a kai, da masu shi. A wurin Warlpiri ba kowa ke da ikon zana kowane labari ba. Akwai waɗanda ake kira kirda, su ne masu labarin, sun gaje shi ta wajen uba. Akwai kuma kurdungurlu, waɗanda suka danganta da shi ta wajen uwa, su ne masu sa ido su tabbatar an yi daidai, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Kun ga ke nan hannu ɗaya ne ya riƙe buroshi, amma haƙƙin na dangi ne. Fihirisar da ta rubuta sunan mai zane ta bar sunan labari da ƙasa da dangi, ta rubuta rabi ne ta bar rabi.

Ga misalin abin da rashin kula da mai abu yake jawowa. A 1966 Ostiraliya ta fito da sabuwar takardar kuɗi ta dala ɗaya, a bayanta akwai zanen wani mutumin arewacin ƙasar mai suna David Malangi. Ba wanda ya nemi izninsa, bai ma san an yi ba. Sai da magana ta fito fili sannan babban bankin ƙasar ya biya shi dala 1,000, ya haɗa masa da lambar yabo da kayan kamun kifi.

Abin da ba a nuna wa kowa

A nan ne aikin yake buƙatar ladabi. Wanda ya yi karatun adana kaya an koya masa ya rubuta komai ya nuna wa kowa. Su kuwa mutanen hamada, ilmi a wurinsu hawa-hawa ne. Akwai labarin da ake gaya wa yara, akwai wanda sai namijin da aka yi wa bikin girma, akwai wanda na mata ne zalla, namiji ba ya kusantarsa. Ƙofofin Yuendumu don yara aka yi su, saboda haka abin da ke kansu da abin da aka buga a littafin 1987 shi ne hawan da aka yarda kowa ya sani.

A Papunya kuwa an sami matsala. Cikin allunan farko na 1971 da 1972 wasu dattawa sun zana abubuwan asiri, ba su zaci allunan za su yi nisa har su koma gaban mata da yara ba. Da maƙwabta suka gani, rai ya ɓaci, daga nan masu zane suka riƙa barin irin waɗannan abubuwa ko su lulluɓe su. Gidan tarihi na birnin Darwin yana riƙe da irin waɗannan alluna fiye da 200. Kafin ya yi babban nuninsu a 2017, sai da ya zauna da dattawa aka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka ce wannan a nuna, wannan a rufe. Wanda aka rufe yana nan a rajista da lambarsa, amma an rubuta wanda ke da izinin gani.

Haka nan batun mamaci. A al'adar Warlpiri, in mutum ya rasu ba a ambatar sunansa na wani lokaci, sai a ce Kumanjayi a madadinsa, kuma ba a son nuna hotonsa. Saboda haka mai fihirisa ba ya gama aiki ya kulle littafi. In mai zane ya rasu, sai a tuntuɓi iyalinsa a ji yadda suke so a rubuta sunan a jikin bango da cikin takardu, har ranar da za su ce a mayar.

Har manhajar kwamfuta aka ƙirƙira saboda wannan. A 2007, tare da mutanen Warumungu na garin Tennant Creek, aka fito da wata mai suna Mukurtu, wato jakar ajiya a harshensu. In mutum ya shiga, tana duba ko shi wane ne, namiji ne ko mace, ɗan wane dangi ne, sannan ta buɗe masa abin da ya halatta ya gani ta rufe sauran. Dattawa ne suke tsara ƙa'idar, na'ura bi kawai take yi.

To, nawa ne kuɗinsa?

Idan fihirisa ta kammala, sai a kira mai kimantawa. Abin da zai fara tambaya shi ne, don me ake son sanin kuɗin? Domin amsa tana canzawa. Akwai kuɗin kasuwa, wato abin da mai saye da mai sayarwa za su daidaita a kai ba tare da an matsa wa kowa ba. Akwai kuɗin inshora, wato abin da za a kashe a sami makamancinsa in gobara ta ci, wannan kuwa yakan fi na kasuwa. Akwai kuma kimar da ake yi in mutum zai ba gidan tarihi kyauta don a rage masa haraji. A wannan, dokar Ostiraliya ta ce sai an kawo kimantawa biyu daga mutum biyu da hukuma ta amince da su, don kada wani ya yi wa kayansa kuɗin da ya ga dama.

Mai kimantawa ba ya yanko kuɗi daga ka. Yana duba abin da aka sayar da makamantan zanen a wuraren gwanjo, aikin mutum ɗaya, na lokaci ɗaya, mai girma kusan ɗaya. Sannan ya ɗaga ko ya sauke gwargwadon abin da fihirisa ta nuna: sunan mai zane ya tabbata? Salsala ta haɗu ko akwai giɓi? An gyara shi da yawa? An taɓa nuna shi a babban wuri ko buga shi a littafi? Zane biyu na mutum ɗaya za su iya kama da juna kamar an tsaga kara, amma mai lambar cibiya da takardar shaida ya ninka maras ita kuɗi, saboda jabu ya yi yawa a wannan kasuwa.

Akwai kuma dokar fitar da kaya. Tun 1986 Ostiraliya ta yi dokar da ta hana a fitar da wasu kayan gado ƙasar waje. Kayan asiri na biki ba a fitar da su ko kaɗan, tsofaffin zane-zane masu daraja kuma sai da izni, ana kuma iya hanawa. Abin da ba zai fita ba, attajirin Amurka ko na Faransa ba zai yi ɗokin tayawa ba, saboda haka kuɗinsa yakan sauka ko da darajarsa ta hau. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga misalai biyu na yadda kuɗi ke tafiya, duk da dalar Ostiraliya. Wani gwani mai suna Clifford Possum Tjapaltjarri ya yi wani babban zane a 1977 mai suna Warlugulong, faɗinsa ya haura mita uku. Labarin wata gobarar daji ce da wani tsoho, wanda a labarin ƙadangare ne mai shuɗin harshe, ya tura wa 'ya'yansa biyu don sun ci naman da bai kamata su ci ba. Wurin wannan gobara shi ne dai wanda ƙungiyar masu zanen Yuendumu ta ɗauki sunansa, Warlukurlangu, bambancin rubutu ne kawai. Wani banki ya sayi zanen dala 1,200. A 1996 aka sayar da shi dala 36,000. A 2007 aka yi gwanjonsa a birnin Melbon, gidan zane-zane na ƙasa da ke Kanbera ya saya dala miliyan 2.4. Mai zanen ya riga ya rasu tun 2002.

Na biyu ya fi ban tausayi. Johnny Warangkula Tjupurrula ya zana labarin ruwa na wani wuri mai suna Kalipinypa a 1972, aka saya dala 150. A shekarar 2000 aka sayar da wannan allo dala 486,500. A lokacin yana raye, tsoho, idonsa ya kusa tafiya, ba shi da komai, kuma doka ba ta ba shi ko kwabo a cikin cinikin ba. Ya rasu a 2001. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin waɗannan labarai suna cikin abin da ya sa aka yi sabuwar doka wadda ta fara aiki a watan Yuni na 2010: in an sake sayar da zane a kasuwa a kan dala 1,000 ko fiye, mai zanen yana da kashi 5 cikin 100, in ya rasu magadansa su karɓa, har shekara 70 bayan rasuwarsa. To amma ta yaya za a san wanda za a biya in ba a rubuta sunansa daidai ba, ba a kuma san iyalinsa ba? Kun ga mun sake komawa kan fihirisa.

Kimar da ba ta kuɗi ba

Mu koma kan ƙofofinmu. A ce an ba mai kimantawa su, da me zai gwada? Babu wasu ƙofofi 30 irinsu da aka taɓa kai wa gwanjo. In aka raba su aka sayar ɗai-ɗai, za a sami kuɗi, amma an kashe abin, domin tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya. Kuma tsufan da zai rage wa wani zane kuɗi, a nan shi ne shaidar cewa sun yi shekara 12 a hannun yaran da aka yi su dominsu.

Saboda irin wannan ne masu adana kaya a Ostiraliya suke da wani ma'auni na dabam, wanda suka tsara a littafi a 2001 suka sabunta a 2009. Ba ya tambayar nawa, yana tambayar me ya sa abin yake da muhimmanci. Ma'aunin yana da ƙafa huɗu: muhimmancinsa ga tarihi, kyawunsa ta fuskar fasaha, amfaninsa ga masu bincike, da matsayinsa a zukatan al'ummar da ta yi shi. Sannan a ƙara da duba salsalarsa, da ƙarancin irinsa, da lafiyarsa, da iya bayanin da zai yi wa mai kallo. A ƙarshe a rubuta shafi ɗaya ko biyu a taƙaice. Da wannan takarda ake yanke shawarar abin da za a fara cetowa in ambaliya ta zo, da abin da za a kashe wa kuɗin gyara, da abin da ba za a taɓa sayarwa ba. Ƙafa ta huɗu kuwa ba baƙo ke cika ta ba, komai digirinsa. Sai an je an zauna da masu abu an ji daga bakinsu.

Yanzu kun gane abin da na ce ku riƙe. Kuɗi da daraja ba kullum suke tafiya tare ba. Allon da dattawa suka ce a rufe ba ya hawa bango, ba ya fita ƙasa, da wuya ya sami mai taya, amma a wurin masu shi ya fi duk wanda aka rataya. Ko kotu ta taɓa amincewa da haka. A 1994 wasu masu zane takwas, ko magadansu, suka kai ƙarar wani kamfani da ya kwafi zanensu a kan dardumomin da aka saƙa a Biyetnam. Alƙali ya yanke diyya ta kimanin dala 188,000, kuma a cikin lissafinsa ya sa har da kunya da zargin da mai zane zai fuskanta a wurin danginsa, tun da labarin amana ce a hannunsa, ga shi an shimfiɗa a ƙasa ana takawa.

Abin lura

Bangon Papunya da ƙofofin Yuendumu duk a makaranta aka yi su, duk dattawa ne suka yi don yara. Ɗaya ya tafi, ɗaya ya tsira, kuma ya tsira da bakinsa, domin an zauna da masu shi tun suna raye an rubuta abin da suka faɗa da harshensu.

Wannan aiki ba ya buƙatar kwamfuta kafin a fara. Littafin rubutu mai shafi 40 da biro sun isa. A gidajenmu akwai ƙwaryar da aka yi wa zane, da faifai, da tsohuwar riga mai aiki, da tasar da kaka ta zo da ita ranar aurenta. A hutun nan kowane ɗalibi ya zaɓi abu uku, ya ba kowanne lamba, ya auna shi, sannan ya durƙusa gaban kaka ko kakansa ya tambaya: wa ya yi wannan, a wane gari, zamanin wane sarki, daga hannun wa ya zo hannunki? Ya rubuta yadda aka faɗa masa, kada ya gyara, ya sa sunan wanda ya ba shi bayanin da kwanan wata. In tsohuwa ta ce wannan ba na faɗa ba ne, ya rubuta lamba ya bar gurbin labari, kada ya matsa mata. Iyaye kuma don Allah a taimaka masu, a buɗe adaka a ba su lokaci.

Wanda ya kawo littafinsa bayan hutu, za mu duba tare a aji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.